An Zargi Ɗan Wasanmu da Rage Shekaru: In Dafa Alƙur'ani a Rediyo?

Tambaya: Malam, ni ke riƙe da wata ƙungiyar ƙwallon yara a unguwar Birni, nan Damagaram. Mun ci kofin ƴan ƙasa da shekara 17, sai waɗanda muka doke suka baza a WhatsApp wai mai tsaron gidanmu ya rage shekaru. Magoya baya sun matsa in je gidan rediyo in dafa Alƙur'ani. Ya halatta?

Amsa: Bismillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, kare mutunci halal ne. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta yarje wa wanda aka zalunta ya ɗaga murya, kuma Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ƙi fita kurkuku sai da sarki ya sake bincika zancen. Matsalarka tana wajen rantsuwar. Kana nan aka haifi yaron? Abin da ka sani takarda ce aka miƙo maka. In ka rantse alhali zuciyarka na ɗar-ɗar, malaman Malikiyya sun sa wannan cikin rantsuwar gamusu, mai dulmiya mai ita cikin zunubi, wadda ba kaffara a kanta sai tuba. Sa'annan ƙa'idar shari'a ita ce hujja kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, kuma gaban mai hukunci ake yin ta. Rediyo ba kotu ba ne.

Fara bincike a gida, cikin sirri. Kira mahaifin yaron, ka gwama takardar haihuwa da rajistar makarantar firamare da katin rigakafi. Nan asiri ya fi tonuwa, don takardar da aka yanka a kotu bara waccan tana iya saɓa wa shekarar da ya shiga aji ɗaya. In shakka ta rage, akwai hoton asibiti na MRI na wuyan hannu, mai nuna girman ƙashi don kimanta shekaru, wanda FIFA ke aiki da shi a gasar ƴan ƙasa da 17 tun 2009.

Kafin sakamako, mutum ɗaya tak zai yi magana da yawun ƙungiya: mun ji zargin, mun kai takardu ga masu shirya gasar, za mu bi hukuncinsu. A tsawata wa magoya baya. Cewa “ai su ma duk gardawa ne” sabon ƙazafi ne mai neman tasa hujjar, kuma ba ya wanke kowa.

In yaron ya fita, ku nuna hujjar, ku nemi a janye maganar a zauren da aka baza ta. In kuwa ta tabbata, haramun ne ku tsaya masa, don aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana zama mai kare maha'inta, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ku amsa laifi a fili, ku mayar da kofi da kuɗin kyauta har dala ta ƙarshe. Amma kada a watsa hoton yaro. Galibi babba ne ya kai shi aka canza takardar.

Ɗan kokawa da aka zarga da shan tramol, wanda WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta hana a lokacin gasa tun farkon 2024, hukuncinsa ɗaya: in an yi masa gwaji ya nemi a buɗe kwalba ta biyu ta fitsarin da aka ɗiba a sake gwadawa, ya riƙe bakinsa har sakamako ya fito.

Allah ne Mafi sani.