Amsar tambaya kan yadda suna ke nuna wuri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu ya tambaya, wai me ya sa a wasu harsuna ƙarshen suna ke sauyawa in ana maganar wuri, alhali mu sai mu ce "a gida", "daga gida".

To, wanda ya taɓa nahawun Larabci ya san i'irabi, wato sauyawar ƙarshen kalma. Kana sa "fi" (cikin) a gaban "al-baitu" (gida), ya koma "fil baiti", majruri. Wasu harsunan ba sa ma bukatar "fi" ɗin, ɗafa-ƙeya, wato ɗan ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, kaɗai ke ɗauke da ma'anar.

Ku riƙe tambaya uku: yana ina, ina za shi, daga ina ya fito. A Turkanci gida shi ne "ev". "Evde" a gida, "eve" zuwa gida, "evden" daga gida. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne wasali, domin ɗafin yana bin wasalin ƙarshe na kalmar: "okul", makaranta, sai "okulda". In kalmar ta ƙare da baƙi irin k, p, t ko s, d ɗin ya koma t, shi ya sa ake cewa "sokakta", a kan titi.

Harshen mutanen Finlan ya fi zurfi. Yana da sigogin suna 15, shida daga ciki na wuri ne, saboda ya raba ciki da waje. "Talossa" cikin gida, "taloon" shiga gida, "talosta" fita daga ciki. Sannan "talolla" a wajen gidan, "talolle" zuwa wajensa, "talolta" daga wajensa. Sunayen garuruwa kam sai an haddace: "Helsingissä" da ɗafin ciki, amma "Tampereella" da na waje. Ku lura ma k ɗin Helsinki ya zama g.

Rashanci yana haɗa biyun, kalma irin "fi" da kuma ɗafa-ƙeya: "v Moskve" yana Mosko, "v Moskvu" ya nufi Mosko. "V" ɗaya ce, wasalin ƙarshe ne ke bambanta mazauni da matafiyi. Nan Bahaushe ya fi yin kuskure, don mu a fi'ili muke sa alkibla, fita da fito, koma da komo.

Kuma kada a ɗauka Hausa ba ta da ɗan burbushin abin. Baki ne, amma "ya sa a baka". Kai ne, amma "ɗauki a ka". Zuciya, "a zuci". Kalmomi ne ƙalilan, galibi sassan jiki.