Amsa: giya na ƙin shiga in mota ta ɗau zafi

Malam sannu da fama. Na karanta bayaninka, kace tsohuwar akori-kura ce mai giyar hannu, da safe komai lafiya amma da ta ɗau zafi sai giya wan da ribas su ƙi shiga sai ka danna da ƙarfi har kana jin ƙarrr, kuma bakanikenka yace a sauke giyabos. To ni dai kar ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna, don wannan ya fi kama da kuloci ne baya saki duka, giyabos ɗin ƙila lafiyarsa ƙalau.

Fara da abin da baya cin ko sisi. In ta yi zafin ta fara gardama, kashe injin ka taka kuloci ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In sun shiga sumul a kashe amma da ka tada ta suka ƙi, to magana ta ƙare, galibi filet ne, wato faifan kuloci, yake ci gaba da juyawa da injin alhali ka taka. Shi yasa ribas ya fi kowa ihu, don a yawancin tsofaffin motocin nan ribas ba shi da sinkoronaiza, wato zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, babu abin da zai tsaida masa juyin sai haƙora su haɗu da haƙora. Sai gwaji na biyu, ka yi fomfin feda sau biyar ko shida da sauri sannan ka sa giya, in ta shiga cikin sauƙi to iska ce a layin mai ko robar masta, wato famfon da ke tura man kuloci, ta gaji. Na uku, injin na aiki ka danne kuloci har ƙasa ka sa giya wan ka riƙe kamar minti ɗaya a fili inda ba kowa a gabanka, in kaji motar ta fara jan jiki ƙafarka na ƙasa, mastar sama, wadda ke haɗe da feda, ita ce take sakin mai ta ciki, kuma irin wannan ba lallai kaga ɗigo ko ɗaya a waje ba, shi yake ruɗa mutane.

Abin da yasa na dage kuwa, ni ya taɓa ci na. Tawa tsohuwar fowil ce mai dizal, irin matsalar nan taka sak, aka ce filet ne muka sauke giya aka sa sabon filet da disk da rilis boris, kwana biyu mota na kan jak, muka fita gwaji tana ɗaukar zafi ta koma gidan jiya. Aka canza mastar ƙasa, wato wadda ke jikin giyabos, shiru. Ashe ɗan tiyon roban nan ne da ke tsakanin bututun ƙarfe da mastar ƙasa, ya tsufa ya yi laushi, in ya ji zafi ka taka sai ya kumbura kamar balan-balan ya shanye ƙarfin da ya kamata ya tura cokali, wato ƙarfen da ke sa kuloci ya saki. Wani yaro ne ma a garejin ya kama shi da hannu ina takawa yace oga wannan numfashi yake. Wallahi ranar kunya ta ishe mu duka har mai garejin.

Saboda haka ka leƙa da kanka. Buɗe kofin man kulocin, man birki ne ake zubawa DOT 3 ko DOT 4, in ka ganshi baƙi ƙirin to robobi ne suke narkewa a ciki, kuma man nan yana shan ruwa in ya daɗe shi yasa zafi ke kashe masa ƙarfi. Sa hannu ta saman feda daga ciki inda sandar ke shiga masta, in da danshi ko kafet ya jiƙe ka samo ɓarawon. A mastar ƙasa ka ɗaga robar ƙura ka gani ko mai ya taru. Sannan wani ya taka kai kana ƙasa kana kallon yadda sandar ke tura cokali, in tafiyar kaɗan ce matsalar a waje take, a zuba sabon mai a yi bilidin sosai, wato a fitar da iskar da ke cikin layin. In kuma tana turawa da kyau amma duk da haka baya saki, to nan ne za a fara zancen ciki. Ka duba wasan feda ma, wato ɗan lilon da take yi kafin ta fara tauri, a tsofaffin Hilux milimita 5 zuwa 15 ne, in ya yi yawa kuloci ba zai saki duka ba, in babu sam zai riƙa zamewa yana cin boris. In motarka mai kulocin waya ce ba na mai ba, wayar ce ke miƙewa, a ɗaure ta ko a canza.

Idan dole sai an sauke, kar a kalli filet kawai a rufe. Akwai ɗan ƙaramin boris a tsakiyar fulawil, wato babban faifan bayan injin da filet ke mannewa, inda bakin shaf ɗin giya ke zama, in ya bushe ya kama zai riƙa juya shaf ko kuloci ya saki, kuma shi ma da zafi yake tsananta. A duba cokali ko ya tsage da ƙwallon da yake zama a kai, a duba haƙoran shaf ko tsatsa ta hana filet zamewa, a ɗan shafa giris kaɗan ba a cika ba. In an ga baƙin mai a wurin a canza sil ɗin bayan injin lokaci guda, in ba haka ba sabon filet ɗin zai jiƙe ya fara karkarwa wajen tashi. Kuma ka tsaya a kansu lokacin ɗaurawa, filet yana da gaba da baya, na ga wanda aka juya.

Giyabos kansa yadda ake gane shi daban ne, giya ɗaya ce zata riƙa ƙara ita kaɗai, galibi tu ko tiri, ko ta riƙa fitowa da kanta kana tafiya, ko kaji kuka a furi wanda ke ɗaukewa da ka taka kuloci. Kai baka faɗi ko ɗaya ba. Amma tunda tsohuwa ce ka kwance notin gefen giyabos ka sa yatsa ka ji ko man giya ya kai baki, in za ka canza ka bi abin da littafin motar ya ce, da yawansu GL-4 suke so don wani GL-5 ɗin baya shiri da zoben tagulla na sinkoronaiza.

Kafin nan in ta ƙi shiga ribas ka daina dannawa da ƙarfi, sa ta a tiri ko fo tukuna sannan ka dawo ribas, ko ka kashe ka sa giyar ka tada. Yi gwajin nan uku ka dawo ka gaya mana wanne ya kama, ka haɗa da shekarar motar da kuma ko kulocin na mai ne ko na waya.