Tambaya da Amsa: Motata ta gangara da yaro a ciki alhali giyar tana kan P

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Ford Escape ƙirar 2014 wadda maigidana ya sayo mini ta Kwatano. Ranar Talatar da ta wuce na ɗauko yara daga Islamiyya, na tsaya a kan gangaren bakin get ɗinmu, na sa giya a P, na kashe mota na zare makulli, na sauka don in buɗe get. Ina waigowa na ga motar tana tafiya da baya ita kaɗai, ga autana a ciki, ba ta tsaya ba sai da ta daki katangar maƙwabcinmu. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma tun ranar ban yi barcin kirki ba. Bakanikenmu ya ce wata 'yar roba ce ta fita, ya ɗaure wurin da waya ya ce an gama. Ƙanena kuma ya ce ya ji an taɓa yi wa irin waɗannan motoci kiranye a Amurka, wato kamfanin ya ce a mayar da su a gyara. Gaskiya ne? Kuma zan iya ci gaba da hawanta? Birkin hannu dai ban saba ja ba, domin wanda ya koya mini tuƙi ya ce na motar manuwal ne. Daga Hajiya, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara tsarewa, Ya raya mana autan. Ƙanenki gaskiya ya faɗa. A watan Yunin 2022 kamfanin Ford ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 2.9 a Amurka, daga cikinsu akwai Escape ƙirar 2013 zuwa 2019, da Fusion ƙirar 2013 zuwa 2016, da Edge ƙirar 2015 zuwa 2018, kuma dalilin shi ne wannan 'yar robar da bakanikenki ya raina. Bushin ne da ke riƙe bakin wayar giya a jikin giyabos. Idan ya ruɓe ya fice, sandar da ke hannunki za ta tafi P lafiya lau, makulli ma ya fita, alhali giyabos ɗin yana nan a giyar da kika bar shi, ba tare da wata ƙara ko gargaɗi ba. Kamfanin ya ambaci zafi da laima cikin abubuwan da ke cinye robar, kuma duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kan bonet da azahar a Katsina cikin watan Afrilu ya san ba a bar mu a baya ba wajen zafi. Gyaran da kamfanin ya tsara shi ne sabon bushin tare da wata hula da ke rufe shi. Ɗauri da waya na a kai mota gareji ne kawai, ba abin da za a ɗauki yara a kansa ba ne.

Domin ki tabbatar, ki kwafi lambar motar mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ki sa ta a shafin hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, wato nhtsa.gov/recalls, zai nuna miki ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar gyaransa ba. A can kyauta ake yin gyaran, kuma wasiƙa ake aika wa mai motar har gida. To amma wasiƙar taki tana can an kai wa wani Bature da ya rabu da motar tun tuni, ita kuwa ta bi gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano. A nan kuma za a tsayar da ke a hanya a duba takardar ingancin mota, a duba ranar ƙarewarta, a miƙo miki, ba wanda zai ce ja birkin hannu mu gani. Saboda haka ki tuntuɓi dillalin kamfanin a Najeriya da lambar motar, in sun karɓa falillahil hamdu, in ba su karɓa ba ki sayi bushin na asali da kuɗinki, domin bai kai kuɗin gyaran katangar maƙwabcinki ba.

Sai dai Hajiya, ba robar ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ba, layinki na ƙarshe ne. Wannan magana ta cewa birkin hannu na motar manuwal ne, kusan kullum sai na ji ta a gareji, daga bakin direbobin manya, da malaman jami'a, har da kanikawan da suka shekara ashirin suna kwance a ƙarƙashin mota, kuma ban san wanda ya fara shuka ta ba. P ba birki ba ce. Wani ɗan ƙarfe ne a cikin giyabos, bai fi tsawon yatsa ba, da yake faɗawa tsakanin haƙoran wani faifai ya hana shi juyawa. Na sha ɗora shi a tafin hannun masu mota in ce musu ga abin da kuke rataya wa nauyin da ya haura tan ɗaya da rabi a kan gangare, sai ka ga mutum ya yi shiru yana jujjuya shi. Ƙarar nan "ƙas" da kike ji idan kika cire giya daga P da safe a bakin get, ƙarar ɗan ƙarfen nan ne ana fizge shi daga ƙarƙashin nauyin mota.

Kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, motar manuwal ce ma take da abin dogaro na biyu, domin idan aka kashe ta aka bar ta a giya ta ɗaya, injin da kansa yana riƙe tayoyi. A otomatik kuwa mai ne ke haɗa inji da giyabos, da zarar an kashe inji to D da R ba su da bambanci da firi, wato N, mota za ta bi gangare kamar amalanke. Wannan shi ne abin da ya same ki. Ke nan wadda aka ce ba ta buƙatar birkin hannu ita ce ta fi kowace buƙatarsa.

Ko da komai na giyar lafiya yake, a motar da tayoyin gaba ke ja, P ba ta taɓa tayoyin baya ko kaɗan, kuma na gaban ma riƙon haɗin gwiwa take yi musu. Idan mai faci ya ɗaga taya ɗaya ta gaba da jak, ko ɗaya ta hau yashi mai santsi, ɗayar tana iya mirginawa motar ta tafi. Na taɓa ganin haka a wurin wani mai faci a hanyar Dutsin-ma, mota ta sauko daga jak yaron shago yana tsugune a gefenta, da ƙyar ya janye ƙafarsa, mai motar kuma yana ta rantsuwa cewa a P ya bar ta. Gaskiya ya faɗa, a P ɗin take. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kanikawan da idan wayar birkin hannu ta cije saboda tsatsa da ƙurar hunturu, maimakon su canza ta sai su kwance ta su cusa a ƙarƙashin mota, su ce wa mai ita "Alhaji ai otomatik ce". Rashin ja ne ma yake sa ta cijewa tun farko. Wasu kuma, kamar masu Honda Accord ɗin nan da ake kira EOD, birkin na nan lafiya amma sun mayar da gurbinsa wurin ajiye goro da cajar waya, alhali Accord ƙirar 2003 tana cikin motoci sama da 380,000 da Honda ta yi wa kiranye a 2010 saboda makulli yana iya fita ba tare da giya ta shiga P ba.

Kada kuma a ɗauka matsalar tsofaffin motoci ce. A watan Afrilun 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 1.1 saboda wata sandar giya ta lantarki da ke komawa tsakiya duk inda aka tura ta, har direba ya zaci ya sa P alhali bai sa ba. Ranar 19 ga Yuni na shekarar, Jeep Grand Cherokee ƙirar 2015 ta gangaro ta matse mai ita, ɗan wasan fim Anton Yelchin, a bakin get ɗin gidansa a Kaliforniya, ya mutu yana ɗan shekara 27. Gangaren bakin get ne, irin naki. Idan na kawo wannan sai a ce mini ai kwana ne ya ƙare. Haka ne, babu mai tsallake ranarsa, amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Yaron babbar mota da bai yi boko ba ya san wannan, shi ya sa kafin direba ya sauko ya riga ya dira da weji a hannu.

Ga yadda za ki riƙa tsayawa daga yau, a gangare ko a shimfiɗe: ƙafarki na kan birki ki kai giya N, ki ja birkin hannu sosai, ki sassauta ƙafar a hankali har ki ji motar ta zauna a kansa, sannan ki sake taka birki ki sa P ki kashe. Idan kika saki ƙafa motar ta ci gaba da silalewa, to birkin hannun ma yana neman gyara, a haɗa shi da bushin a yi rana ɗaya. Kafin a yi wannan gyara ban yarda ki ɗauki yara a cikinta ba, kuma idan sandar giya ta yi sakwaf a hannunki, ko motar ta ƙi tashi alhali tana nuna P, wayar bakaniken ce ta saki, kada ki matsa mata. Bayan gyaran ma, in za ki buɗe get ki fara sauke yaran, su tsaya a gefe inda ba gaban mota ba kuma ba bayanta ba.