Amsa ga mai tambaya kan hoton kakanta ɗan sanda

Salam 'yar uwa, wallahi da na ga tambayarki sai da gabana ya faɗi, don irin abin da ya same mu ne a gidanmu nan Gombe. Kin ce kakanki na Azare yana da igiya uku a hannu da mindoji a ƙirji, kina son sanin muƙaminsa da ma'anarsu. To igiya uku dai saje ne, biyu kofur, wannan ba gardama. Da a kafaɗa kika ga anini to babban hafsa ne, ya wuce maganar igiya.

Amma kafin komai ki binciki dattawan gidanku, ɗan sandan gwamnati ne ko ɗan dokan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki? Mutane na haɗa su alhali ba ɗaya ba ne. 'Yan sandan Najeriya a 1930 aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya, su kuwa 'yan doka a ƙarƙashin sarki suke har zamanin Gowon da aka narkar da su cikin 'yan sanda. In ɗan doka ne to fa takardunsa na En'e ne, sai dai ko gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna, can ake samun na tsohon lardin Bauchi.

Don Allah don Annabi kar ki ba kowa asalin hoton nan. Mu hoton baffanmu ɗaya tal ya rage, yana tsaye da gajeren wando da doguwar safa, yayana ya kai wa wani mai shagon hoto wai ya gyara ya sa masa kala a kwamfuta. Mutumin nan ya shafe kirtanin mindojin da jan fenti duka, huɗun nan ya maida su iri ɗaya, har igiyar hannu ya goge ɗaya wai ya zaci tabo ne! Saje ya koma kofur a hannun wanda bai san komai ba. Da muka ce to ba mu asalin sai ya ce yaron shago ya share ya zubar, ko a jikinsa, har yana neman cikon kuɗinsa. Innarmu ta yi kuka ranar kamar an sake yi mata rasuwa, ni har yau in zan wuce layin sai na kau da kai. Allah ya isa kawai.

Yauwa, batun minda. In kin ga mai siffar tauraro mai tsini shida to na yaƙin duniya na biyu ne, 1939 zuwa 1945, da yawa cikin tsofaffin nan soja suka fara yi, suka je ƙasar Bama (Burma) suka dawo sannan suka shiga ɗan sanda. Masu da'ira kuma ki matso da hoton ki duba kan da ke jiki, in namiji ne Sarki Joji ne, in mace ce Sarauniya Elizabet, kenan daga 1952 zuwa sama. Akwai ta daɗewa a aiki da ake bayarwa bayan shekara 18, akwai ta 'yancin kai ta 1960 mai kirtani kore fari kore, ita ko a hoto baƙi da fari za ki ga tsakiyar ta yi haske gefe biyu sun yi duhu. Kar dai ki yarda da wanda zai rantse miki da kalar kirtani daga tsohon hoto.

Kuma ki sa a bincika adakar tsohuwa ko mindar na nan, ta daɗewa a aiki ana rubuta sunan mutum da muƙaminsa a gefen bakinta, taurarin yaƙi ne galibi ba suna. Ki juya bayan hoton ma ko da tambarin mai ɗauka. Ki ɗauke shi da waya a inuwa ba filasha ki turo nan mu gani, Allah ya jiƙan mazan jiya.