Tambaya da Amsa: Wace kyamara zan fara da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a nan Bauchi. Na daɗe ina ɗaukar ƙawayena hoto da waya, har an fara kirana wajen suna da kamu, saboda wasu gidajen ba sa son namiji mai hoto ya shiga cikin mata. Yanzu na kwashi adashi, ina so in sayi kyamarar DSLR. Wani ya ce Canon 2000D, wani ya ce Nikon D3500, yayana kuma ya ce duk an daina yayinsu. Wacce zan saya? — Mai karatu daga Gwallameji

AMSA: Wa'alaikumussalam, ƙanwata. Allah Ya sa wa adashin albarka.

Bari in fara da maganar Yaya, domin yana da gaskiyarsa. DSLR tana da ɗan madubi a ciki wanda ke tura abin da lens ya hango zuwa ƙaramar tagar da ake kara ido. Da an danna, sai madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan allon ciki da ke kama hoton. Ƙarar nan ta "ƙyas" da kike ji a wajen biki, yawancinta ta madubin ce. Yanzu kamfanonin sun karkata ga kyamarori marasa madubi, irin su Canon R50 da Nikon Z30, har Nikon ya daina ƙera D3500 ɗin da aka ce miki. Sai dai wannan bai rage wa hotonta komai ba, kuɗin ta-hannu kawai ya karya, ke kuma abin da kike nema ke nan. Tun 1987 Canon yake yin lens samfurin EF, masu shiga DSLR ɗinsa, sun cika kasuwa, kuma ranar da kika koma marar madubi ta Canon, da ɗan mahaɗi za ki ci gaba da aiki da su.

Biyun da kika ambata duk a 2018 suka fito, duk megafiksel 24 ne, wato ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto. Kada wannan lambar ta ɗauke miki hankali. Canon 600D ta 2011 megafiksel 18 gare ta, kuma da irinta aka wanke hotunan da ke rataye a falon gidaje da dama a garin nan. Inda D3500 ta yi zarra shi ne batir: a ƙiyasin kamfani tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, 2000D kuwa wajen 500. Duk wanda ya san halin wutarmu ya san wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ni a tsakaninsu D3500 zan ɗauka. Amma kafin ki bi ra'ayina, ki zagaya wajen masu hoton da kika sani, na unguwarku da na cikin gari, ki ga me suke riƙe da shi. Idan Canon ne a hannun wadda za ta koya miki, to ki sayi Canon. Ranar da batirinki ya mutu ana tsakiyar kamu, ko kika buƙaci aron lens, a nan za ki gane amfanin wannan shawarar.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada adashin nan ya ƙare kaf a kan jikin kyamara. Aikinki na cikin ɗaki ne: amarya a bakin gado, labule a sake, ƙwan fitila ɗaya, wani lokacin ma an ɗauke wuta. Lens ɗin da ake haɗowa da kyamara, 18-55mm, ba laifi da rana a tsakar gida. Amma idan kika jawo shi zuwa 55mm, ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/5.6 (iya girman lambar f, iya ƙanƙantar ƙofar), sai hoton ɗaki ya fito dishi-dishi, ko hannun mai guɗa ya zama hayaƙi. Lens mai buɗewa zuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, shi ne kuma yake narkar da bayan mutum, lallen amarya ya fito raɗau. A Canon akwai 50mm f/1.8 STM, a Nikon akwai 35mm f/1.8G, dukansu cikin masu sauƙin kuɗi suke. Na fi son 35mm a ɗakunanmu. Da 50mm za ki yi ta ja da baya har ki jingina da sif ba ki haɗa mutum huɗu a hoto ba. Idan Nikon kika saya, ki tabbata lens ɗin da rubutun AF-S ko AF-P a jikinsa. Tsohon 50mm mai harafin D yana shiga D3500, amma ba zai saita kansa ba, sai kin murza da hannu.

Sai filasha ta ɗorawa a sama, wadda za ki karkata kanta ta haska silin, hasken ya sauko a hankali ba tare da ya wanke kwalliyar fuska ba. A nan ki lura: Canon 4000D da 250D da wasu 2000D ba su da ɗan ƙarfen nan na tsakiya a mazaunin filasha, don haka filasha mai araha da yawa ba ta tashi a kansu. Ki leƙa wurin da idonki. Idan kuma kina da niyyar bidiyo, 2000D da D3500 duk ba su da ramin makirfo. 600D da Nikon D3300 suna da shi duk da sun girme su.

Ta-hannu nake ba ki shawara, amma ba a cinikin biri a sama. Kada ki tura wa kowa kuɗi don kin ga hoto a Instagram ko Facebook. Ki tafi da wanda ya san kan abin, da memorinki a jaka. Ki tambayi sau nawa aka danna ta. Irin waɗannan ƙananan ana yi musu ƙiyasin dannawa 100,000, kuma Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ana iya dubawa a kwamfuta. Ki cire lens, ki haska shi da tocilan waya: idan kin ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, ki ajiye musu kayansu. Ki sa f/22 ki ɗauki farin bango, ki buɗa hoton sosai. Ɗigo-ɗigon ƙura ana goge su, amma layi ko tabon da ya ƙi fita matsalar sensa ce. Caja da batir su zama na asali, kuma ki sayi batir na biyu tun ranar.

TAMBAYA: Malam, ina da Canon 1300D. Na je Yankari, giwaye suka fito mini ƙanana a hoto, haka ma dawakai a hawan Sallah. Kyamarar ce ba ta da kyau? — Mai karatu daga Yelwa

AMSA: Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa, lens ɗinka ne gajere. Nemi 55-250mm na Canon, wanda yake da IS mai rage rawar hannu. Don dawakai, juya zuwa Tv, inda kake zaɓar saurin ɗauka, ka sa 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba sukuwar za ta fito a jirkice. Ka ɗaura lens ɗin tun daga gida. Canja shi a ƙofar fada cikin ƙurar kofato, ko cikin hazon hunturu, shi ke cika sensa da datti. A Wikki kuma, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan ta Yankari, ka rataya jakarka a jiki, don birran wurin ba sa jin kunyar kowa.