Token na ƙwallon waya: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Malam, ni tela ne a Garwa. Wata huɗu ke nan ina riƙe da ƙungiya a Top Eleven, wasan tafiyar da ƙungiyar ƙwallo a waya, amma duk ɗan wasan da na taya a gwanjo sai wani ya ɗaga farashi ya ƙwace. Wani ya ce in tura masa sefa dubu goma ta Orange Money ya zuba mini token, wato kuɗin cikin wasan. In tura?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da hannunka aljihu tukuna. Mai zuba maka token sai ka ba shi lambar sirrin asusunka, ranar da ya ɓace kuwa ba inda za ka kai ƙara. In ya zama dole, saya a cikin wasan kai tsaye. Amma fa ka san me kake saye. Kamfanin Nordeus na Sabiya, wanda ya fito da wasan a 2010, shi ne mai buga kuɗin, shi ne mai kasuwar. Kaka ɗaya kwana 28 ce, kuma kowace kaka ɗan wasa na ƙara shekara. Gwanin da ka kashe dubu goma a kansa yau, kafin ka gama ɗinkin sallah biyu ya tsufa. Gwanjon ma da gangan aka tsara shi haka: kowane tayi yana cin token, ko kai ka ci ko ba kai ba. Mutum uku suka ja, biyu sun tafi hannu rabbana.

Ni da zan ba ka shawara, bi hanyar ƙungiyar Coton Sport ta garinku. A can Vincent Aboubakar ya taso kafin Valenciennes ta Faransa ta ɗauke shi a 2010. Nemi yaro ɗan shekara 18, ka horar da shi, ka taya lokacin da gwanjo ba cunkoso. In kuwa jan aljihun ne ya ishe ka, gwada Hattrick, wasan Suwidin da ke nan tun 1997. Can kuɗin gaske ba ya saya maka ɗan wasa.

Tambaya: Mu ashirin ne a Marwa muka shirya gasarmu a WhatsApp, ni ke riƙe da littafin kuɗi. Kowa ya ci wasa ina rubuta masa miliyan biyar. Yanzu mai tsaron gida na banza ya kai miliyan ɗari, sababbin shiga kuma suna guduwa. Ina gyaran?

Amsa: Kai ne ka buɗe famfo ka manta da magudana. Kullum kuɗi na shigowa daga alƙalaminka, ba ya fita, 'yan wasa kuma ba su ƙaru ba. Dole farashi ya hau, kamar rago a jajiberin layya. Sa wa kowace ƙungiya albashin mako gwargwadon ƙarfin 'yan wasanta, don mai tara gwanaye ya ji nauyinsu. Sannan ka yanki haraji a kan kowane ciniki ka soke shi daga littafi. EA, kamfanin wasannin bidiyo, kashi 5 cikin ɗari take cirewa a kasuwar 'yan wasa ta Ultimate Team a wasan ƙwallonta, kuma a 2015 ta sa wa farashi iyaka ƙasa da sama. Kada dai ka ƙwace abin da tsofaffi suka tara, rigima za ka jawo a majalisa. Sanar da dokar yau, ta fara aiki kaka mai zuwa.