Amsa kan jiƙon ganye da maganin zazzaɓin cizon sauro

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ba a shan jiƙon ganyen da ake samo maganin maleriya daga gare shi. Gaskiya ne, a 1972 Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka tace sinadarin artemisinin daga ganye. Sai dai ba ya narkewa sosai cikin ruwa, shi ya sa masana haɗa sinadarai suka sauya masa siffa suka samar da artesunate, wanda ake yi wa yaron da zazzaɓi ya sumar allurarsa ta jijiya. Jiƙo kuwa ba shi da ma'auni, kuma wannan ne ke damuna ƙwarai, domin maganin da bai kai ƙima ba yana barin ƙwayar cutar da rai har ta saba da shi.